Inda Taɓaryar Rahab Ke Sauka

Duk wanda ya zauna a Dayi a waɗancan shekarun ya san gidan Malam Enoch, ko da bai taɓa leƙa zaurensa ba. Shi ne gidan da ke bayan coci, mai darbejiya a ƙofa, wanda in ka gifta da hantsi ko da la'asar sai ka ji wani sauti na fitowa ta taga, tin, tan, tin, tan, ba gaba ba baya. Baƙo kan tsaya ya tambaya ko maƙeri ne a ciki. Sai a ce masa a'a, malamin makaranta ne da fiyanonsa.

Fiyanon gado ne, amma ba na uba ba. Baturiyar mishan da ta koya wa Enoch kiɗa tun yana ɗan makaranta a Malumfashi ita ta bar masa, shekarar da gwamnati ta karɓe makarantun mishan ta tattara nata ya-nata ta koma ƙasarsu. A bayan motar auduga aka ɗauko shi, ƙarti suka sauke suna tsine wa wanda ya ƙera abu mai nauyi haka. Gargadar hanya ta yi nata, zafin bazara ya yi nasa, ɓeraye suka ƙarasa. Ba a daɗe ba maɓallan gefe da gefe duk suka mutu ko suka shaƙe, sai na tsakiya kaɗai ke faɗin gaskiya. Da wani ne, da ya mai da shi wurin jera kwanuka. Malam Enoch kuwa cewa ya yi abin da ya rage ya ishe shi.

Kuma da gaske yake. Waƙoƙin coci duk suna kansa, amma kiɗan da yake ƙirƙira wa kansa daban ne. Sai ya ɗauki sauti uku ko huɗu ya yi ta juya su, ya maimaita, ya sake maimaitawa, can ya ɗan gusar da guda ɗaya, kaɗan ƙwarai, ya ci gaba. Fasto Bitrus, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya taɓa leƙo taga ya ce, "Malam, faifan garmahon naka ya maƙale ne? In zo in ɗaga maka allurar?" Enoch ya yi dariya ya ce wanda ya zauna ya saurara zai ji ba abu ɗaya ake maimaitawa ba. Fasto ya ce shi dai yana da gona.

Mutum ne mai kunne, wannan ba gardama. Daga cikin aji yana gane wace mota ce ta tsaya a bakin titi. Amma kunnen nan mai jin motar Funtua tun ba ta ƙaraso ba, shekara ashirin da 'yan kai yana tare da matarsa Rahab bai taɓa sauraron turminta ba. Wa ke sauraron turmi? Abu ne kamar carar zakara, ka ji ka san gari ya waye, shi ke nan.

Katanga ɗaya ta raba gidan Enoch da na Maitama mai ɗinki, ita ma ta zube a gefe tun wata damina, ba wanda ya yi zancen gyara don ta nan matan ke wucewa. Rahab da Hajo matar Maitama ƙawaye ne na gaske, irin ƙawancen da ake ƙullawa da kyauta a gaban jama'a. Ɗaya na zuwa coci, ɗaya na salla, amma turmi ɗaya suke daka, kuma ba mai kiran 'yar'uwarta da suna sai Ƙawa. Kullum da safe za su kafa turmi a gindin katanga su yi lugude: wannan ta sauke taɓarya, tana ɗagawa waccan ta sauke tata, haka har a gama na gida biyu. Aikin yana da doka guda, kowace ta sauka a lokacinta. Wadda ta yi gaggawa ko ta makara, taɓare za su yi karo, hatsi ya watse, wani lokaci har yatsa ya ji a jikinsa.

Wata safiya bayan kaka, ana hutun makaranta, Enoch na zaune gaban fiyano kansa fayau, ba abin da ya zo masa. Sai turmin ya shigo kunnensa, ya ƙi fita.

Taɓaryar Hajo na sauka daidai wa daida. Ta Rahab kuwa tana zuwa a makare, da ɗan ƙiris. A bugu na gaba ƙiris ɗin ya ƙaru. Haka yake ƙaruwa sannu a hankali har ka ce yanzu za su gwabza, sai ka ji ta Hajo ta ɗan ja baya ta ba ta hanya. Sannan shiru kaɗan. Sannan a sake ɗauka daga farko.

Tsigar jikinsa ta tashi. Abin da ya yi shekaru yana lalube a kan maɓallai, ga shi a tsakar gidansa ana yi kyauta. Ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Rahab! Sake yi!"

"In sake mi, Malam?"

"Yadda kike ɗan makara ɗin nan. Hajo na tafiya sak, ke kuma kina binta a baya, kina ƙara ja, kina ƙara ja. Wa ya koya miki wannan? Kin san kuwa abin da kike yi? Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba!"

Rahab ta dogara da taɓarya ta share goshi da bakin zane. Ta dubi Hajo, Hajo ta dube ta. Enoch bai ga komai a wannan kallon ba sai mata biyu da suka ga namiji ya zautu.

"To, Ƙawa," in ji Rahab tana murmushi, "kin ji. Ashe makaɗa ne mu ba mu sani ba."

Hajo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, a koma ɗaki, ƙaiƙayi zai hau maka riga."

Daga ranar kiɗan ya samu gindi. Hannun hagu Hajo, hannun dama Rahab. Hagu na riƙe da sauti biyu ba ta motsi daga kansu, dama na binta da sauti ɗaya siriri, tana ja baya, tana ja baya, sai shiru, sai a sake. Da safe yakan buɗe taga ya zauna ya saurara, da la'asar ya gwada. Abin da wuya fiye da yadda yake a kunne, don hannu ba ya son makara da gangan, kullum so yake ya koma ya daidaita da ɗan'uwansa. Enoch ya yi ta horar da hannunsa na dama kamar ana koya wa ɗan maraƙi huɗa. A wannan shekarar ya fi kowace shekara farin ciki, har ƙiba ya yi.

Ana cikin haka wani Shitu ya kawo injin surfe da niƙa ya kafa a bakin titi. Mata suka yi caa a kansa. Wata rana da yamma, suna zaune a tabarma, Rahab ta ce, "Malam, ni ma ina ganin zan fara aikawa inji. Kowa ya koma can."

"Inji?" Ya ajiye cokali. "Haba, Rahab. Wannan abin mai ihu? Ki ƙara mini haƙuri har in gama. Saura kaɗan. In kika daina yanzu ban san inda zan kamo shi ba."

Ta kalli ƙafafunta. Can ta ce, "To, Malam."

Wannan "to" ɗin shi ne duk gardamar da ta yi.

A daminar da ta biyo baya, wata safiya turmin ya yi shirunsa na kullum, amma ba a sake ɗauka ba. Enoch na zaune yana jira, hannu a kan maɓalli, sai ya ji Hajo na ƙwala masa kira. Ya tarar da Rahab zaune a ƙasa ta jingina da turmi, tana jan numfashi da ƙyar. Aka tsayar da mota aka kai ta asibiti a Malumfashi. Likita ya duba ƙirjinta, ya danna ƙafarta da yatsa wurin ya lotsa, ya ce zuciya ce, ya tambayi tun yaushe take fama. Enoch ya ce ai lafiyarta ƙalau, ko jiya ta yi daka. Likitan ya yi masa kallo mai tsawo. Kafin mako ya zagayo aka binne ta a bayan coci.

Makoki ya watse, 'yan'uwa suka koma, ɗiyarsu Liatu ta koma bakin aikinta na koyarwa a Funtua. Hajo ta kife turmin a gindin katanga, ta shiga aikawa inji kamar kowa. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji ƙarar haɗiyar yawunsa.

Enoch ya yi kuka har ya gaji, sannan ya koma kan fiyano, don ba shi da wani wurin komawa. Hoton Rahab guda ne, na ranar aure, ya dushe. Muryarta ma ta fara kuɓuce masa. Sai ya rufe ido ya nemi yadda take cewa "Malam", ya ji ta Liatu ce ke zuwa. Abin da ya rage masa nata, nata ita kaɗai, shi ne wannan 'yar makarar. Ita ma yanzu ba turmin da zai gwada ta da shi. Yau ya buga ya ji daidai, gobe ya ji kamar ya ƙara gishiri, jibi ya ji kamar ya rage. Tsoro ya kama shi cewa yana nan zaune zai goge ta da hannunsa, ya wayi gari yana kaɗa abin da ya ƙago, ba matarsa ba. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya ce masa i ko a'a.

Ya aika wa Hajo ta bakin mijinta, ta ce ba ta jin daɗi. Ya sake aikawa, ta ce ita me ta sani game da kiɗan Turawa. In suka haɗu a hanya ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa ya haƙuri, ta ja mayafi ta wuce da sauri. Ya ɗauka kunya ce, ko kuwa gudun shiga gidan da ba mace. Damina ta sake zuwa ta wuce suna haka.

Sai labari ya zo cewa Maitama zai tashi, idonsa ya yi rauni ba ya ganin kafar allura, babban ɗansa zai kwashe su zuwa Tsiga. Da Liatu ta zo hutu ta tarar uban ya rame, ba ya cin abinci sai ta tsaya a kansa. Ya gaya mata abin da yake so. Liatu ba ta yi dogon zance ba, ta ƙetara ta inda katanga ta zube, ta durƙusa gaban ƙawar uwarta ta ce ba za ta tashi ba sai an bi ta.

Da la'asar suka shigo. Hajo ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma daga bakin ƙofa, Liatu a gefenta. Aka gaisa, aka tambayi jikin Maitama, aka yi zancen tafiya. Sannan Enoch ya ce, "Hajo, ba wani abu nake so ba. Ki saurara kawai. In na kauce ki faɗa mini inda na kauce."

Ya juya ya fara. Hagu ta ɗauka, sak, ba gaggawa. Dama ta shigo da siririn sautinta, a makare da ɗan ƙiris. Ƙiris ya ƙaru. Ya ƙaru. Hagu ta ɗan ja ta ba ta hanya. Shiru. Aka sake ɗauka. Ɗakin ya cika da turmin da ba ya nan, har Liatu ta waiga tsakar gida ba ta sani ba.

Ana cikin zagaye na uku ko na huɗu Hajo ta ce, "Ya isa."

Bai ji ba.

"Malam, don Allah ya isa!"

Ya ɗauke hannu ya juyo. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Na ɓata ne?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba ka ɓata ba. Ita ce. Wallahi ita ce, har inda take tsayawa." Ta share ido. "Shi ya sa na ƙi zuwa. Ta taga nake jin ka kullum, in toshe kunne."

Wani sanyi ya ratsa Enoch, na wanda ya yi ta neman abu ya same shi. Har ya buɗe baki zai yi godiya.

"Malam, kai malami ne, amma ba ka taɓa riƙe taɓarya ba," in ji Hajo. "Ba macen da ke makara a lugude don ado. Ba a yi. Wadda ta makara, taɓarya ce ta yi mata nauyi. Wannan ja da bayan da kake yabo, ƙarfinta ne ke ƙarewa. Ni kuma da kake jin na ba ta hanya, gudu nake kar in fasa mata hannu. Shirun nan kuwa," ta nuna fiyanon da haɓa, "shirun nan da ka sa, nan ne take dafa bakin turmi tana neman numfashi. Ni ina tsaye ina kallon leɓenta."

Liatu ta sa hannu a baki.

"Ta sani?" in ji Enoch. Shi kansa bai gane muryar ba.

"Ta san jikinta ba daidai ba. Ranar da ka fito ba takalmi, a ranar muka shirya za ta faɗa maka a kai ta asibiti. Sai ka fito fuskarka kamar an yi maka albishir. Da ka koma ɗaki na ce, Ƙawa, faɗa masa. Ta ce, bari ya gama tukuna. Ta ce shekara ashirin tana daka a ƙarƙashin tagarka ba ka taɓa leƙowa ba sai yau, ba za ta ce maka ciwo ne ka ji ba. Da inji ya zo na ce to ga mafita. Ta dawo ta ce Malam ya ce saura kaɗan." Hajo ta ja numfashi. "Ta sa na yi mata alkawari. Na riƙe, ga inda riƙon ya kai mu. Ni ma ina da nawa kason, Malam, ba kai kaɗai ba."

Daga bakin titi ana jiyo injin Shitu na ta ɓaɓatu.

Enoch ya dubi hannunsa na dama a kan gwiwa. Wata da watanni ya yi yana zaune a taga, kunne a buɗe, yana sauraron matarsa tana ƙarewa bugu bayan bugu, yana jin daɗi. Ba abin da ya wuce shi, ko ƙiris. Duk ya ji, ya auna, ya adana. Baƙin cikin da ya taso masa ya fi na ranar jana'iza, don a ranar yana da wanda zai tambaya me ya sa, yau kuwa babu.

Can ya ce, "Da can fa? Kafin ciwon. Yaya take yi?"

Hajo ta ɗago. Ga mamakinsa, sai da ta ɗan yi murmushi cikin hawaye. "Ƙawa? Ai duk unguwar nan ba mai kamo ta. Gaba take yi, ni ke binta ina haki. Ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, ba ta rasa lokacinta ba. Ba ka tuna ba?"

Ya lalubi kansa ciki da bai. Shekara ashirin na safiya, ba ko ɗaya. Bai tuna ba.

"Nuna mini," ya ce.

Hajo ta dubi Liatu, sannan ta matso ta sa tafin hannu a jikin katakon fiyanon. Ta fara bugawa, hannu ɗaya nata, ɗaya na Rahab. Na Rahab na sauka da wuri, da ƙarfi, yana janyo ɗayan, ga ɗan tafi a tsakani kamar dariya. Liatu ta fashe da kuka ta ce, "Haka ne, Baba, haka Mama ke yi ina ƙarama."

Enoch ya juya ga maɓallai. Hagu ta ɗauka. Ya ɗaga dama, ya kafa kunne ga bugun Hajo, ya nufi gaba da ita, inda yarinyar da ya aura ke sauka.

Hannun ya makara.

Ya tsaya ya sake. Hajo ta rage sauri don ya samu shiga. Ya cije leɓe, ya tura hannun da dukan niyyarsa. Bugun farko ya zo daidai, na biyu ma. A na uku ya ja baya da ɗan ƙiris, a na huɗu ƙiris ɗin ya ƙaru. Ya horar da shi da kyau, hannun bai san wata Rahab ba sai wannan.

Hajo ta daina bugawa. Shi bai daina ba. Ya bi hannun yana ja baya, yana ja baya, har suka iso wurin shirun. Nan ya dafa bakin fiyanon da hannu biyu ya sunkuyar da kai, matan na zaune suna jira a sake ɗauka.